Gonar da Aka Yi wa Iyaka da Inuwar Antan

Ku matso kusa, ku gyara zama. Maganar nan ba ta son ɗaga murya, don da 'yan'uwana a cikinta. Fili gare ni a hanyar Gaoui, ko in ce na yi shekaru ina zaton fili gare ni, a gindin dogon ginin nan na sumunti da kowa ke kira Antan. Shi kaɗai na gada daga Baba, kuma a kansa na jingina tsufana: ɗaki biyu da 'yar rumfa, a ƙasar da ruwa ba ya kwana. Wanda bai taɓa cin damina a gidan haya a Habbena ba zai ce ƙaramin buri ne. Ni da nake ɗora katifa bisa bulo tun ruwan farko, ina kallon murfin tukunyata yana iyo zuwa bakin ƙofa, na san girmansa.

Ni ba mai fita ba ce, kasuwa ma sai dole. Amma Allah ya ba ni kunne, abin da ya shiga kuwa ba ya fita. Labarin ginin Antan ma a bakin Baba na fara jinsa. Baba ɗan kasuwa ne, goro da atamfa. Gidanmu yana unguwar Kabalaye tun kakanmu, wanda ya taso daga ƙasar Hausa zai tafi Makka a ƙafa, ya iso nan zamanin Nasara, ya sauke kaya don ya huta, bai sake ɗauka ba. A shekarun da gari ya fara lafawa bayan yaƙi, Baba kan dawo da yamma ya ce ana wani gini a bayan gari wanda ba ɗaki ba ne, ba masallaci ba ne, ba kuma rumbu ba. Ana zuba kankare zobe bisa zobe, in na ƙasa ya sha iska a ɗora wani. Matan Gaoui masu ginin tukwane, da ke kai wa leburori ruwa, suka tsaya suka duba da kyau, suka ce ai aikinsu ne aka sata. Randa ce ake ginawa, sai dai maginin bai san inda ake tsayawa a yi mata baki ba. Haka ya yi ta tafiya sama har ya wuce kowace giginya. Aka yi masa wani faifai a wuya kamar baranda, aka kafa masa ƙarafa a ka, da jar fitila don kada jirgin sama ya yi karo da shi.

Aka ce daga kansa za a riƙa watsa hoton tele har ƙauyuka masu nisa, kowa ya ga duniya daga ɗakinsa. Ƙauyukan kuwa ba wutar lantarki, ba akwatin tele, wasu gidajen ko ashana sai an aro. To hoton ya yi ta zuba a kan gero da awaki, ba mai tarawa. Mu na cikin gari da Baba ya saya mana akwati, mu ma wahala muka saya. Mu uku ne wurin Baba: Yaya, ni, sai Auta da aka sa makarantar Faransanci. Yaya shi ne mai juya ƙarfe. Wani abu ne kamar ƙashin kifi da aka ɗaura a kan dogon gora, kuma sai an saita bakinsa da Antan kafin a ga komai. Yaya ya hau rufin kwano yana murɗawa yana ihu.

"Ya fito?"

Mu amsa daga ƙasa da Larabcin gari, "Mafi!" Wato babu.

"Yanzu fa?"

"Ga kai, ba wuya!"

"Yanzu?"

"Murya ta zo, mutumin ya tafi!"

In an yi sa'a an dace, sai ka ga mai karanta labarai kamar ana sheƙar gero a gabansa. Kwana kaɗan ma ake kunnawa a mako, da yamma, kafin ka gama gane ko namiji ne ko mace an rufe tasha. Har yau Yaya yana gaya wa jikokinsa shi ya kawo tele unguwarmu. Ya fasa mana kwanon rufi biyu dai, wannan kam na shaida.

Ranar da maganar filin ta samo asali ina da aurena, na zo gida wuni. Inna tana son sabuwar randa, ita kuwa ba ta yarda namiji ya zaɓo mata. Randa ba da ido ake sayenta ba. Ƙwanƙwasawa ake yi da bayan yatsa: mai lafiya tana amsawa da tsawo, mai ɓoyayyen tsagu sai ta ce ɗuf ta yi shiru. A gidanmu ni ce mai jin wannan bambancin. Baba kuma yana da cinikin gona a wajen, don a lokacin duk ɗan kasuwar da ya ɗan tara sai ya nemi gonar da zai riƙa ambato a majalisa. Sai ya ɗauki hayar motar kaya muka tafi gaba ɗaya. Na ƙwanƙwasa randa ta kai goma kafin na sami wadda ta amsa mini yadda nake so. A hanyar dawowa aka tsaya gindin Antan, wanda lokacin bai daɗe da fara aiki ba, farinsa har yana kashe ido.

Maza biyar ne: Baba, mai gonar, Bulama wato mai garin wurin, limaminsu, da direba. Ni da Inna muna bayan mota mun rungume randa kamar jaririya. An gama ciniki tun kwanaki, abin da ya rage iyaka. Mai gonar zai sayar wa Baba ɓangaren kudu, ya riƙe na arewa. Da me za a shaida tsakani? Aka ce wancan icen ƙaya. Liman ya ce mata masu neman itace ba za su bar shi ya kai baɗi ba. Aka ce a ajiye dutse. Baba ya ce dutse yana da ƙafa in dare ya yi. Aka ce wancan suri. Mai gona ya ce ruwa biyu ya ishe shi. Suka tashi suka yi la'asar ba su daidaita ba. Da suka sallame, sai Bulama ya ɗaga kai, ya bi ginin da ido har sama, ya sauko da idon ƙasa. Ga inuwar Antan ta kwanta gabas a kan filin, a miƙe kamar an ja igiya.

Ya ce, "Alhaji, ga abin da ba ya mutuwa, ba a sara, ba a sacewa. Inuwar nan ta la'asar ita ce iyaka, a bi ta a miƙe har bakin kwari. Kudu naka, arewa nasa. Kalas, magana ta ƙare."

Baba ya yi murna har hularsa ta karkace. Ya ce, "Wannan ita ce iyakar zamani!" Sai da ya faɗa sau biyu, don na farkon ba wanda ya ji. Shamuwa ce ta cika barandar Antan, sabbin zuwa, suna ta ƙwas-ƙwas da baki suna faɗan wurin sheƙa. Can gabas kuma cida tana gunaguni. Liman ya ja Fatiha da sauri saboda iskar hadari ta fara kaɗa masa rawani, aka buga wani ɗan turke na ice, aka fasa goro. Inna tana ta cewa a tafi kada ruwa ya taɓa mata randa tun ba a wanke ta ba. Ba takarda, ba komai. Turken kuwa gara ta yi buɗa-baki da shi tun shekarar.

Ku duba mini nan. Maza biyar masu gemu, da ke gane lokacin salla da inuwa tun suna yara, ba ɗaya da ya tuna inuwa tana da wurin kwana na damina, tana da na sanyi. Kowace mace ta san wannan a tsakar gidanta. Inda ka ajiye randa a inuwar katanga da damina, in sanyi ya shigo sai ka tarar rana tana dafa maka ruwa. Inuwar Antan ta la'asar, da farkon damina takan karkata kudu, da sanyi kuma ta yi tafiyarta arewa, ta ƙara tsawo. Tsakanin kwanciyar biyu akwai fili kamar yankan kankana, siriri a gindin ginin, faffaɗa can bakin kwari. Ni ma da nake zaginsu, na san abin a tsakar gidana, amma ban taɓa haɗa shi da na Antan ba. Sai dai ni ba wanda ya tambaye ni ranar, randa aka ba ni riƙo.

Shekaru suka yi ta wucewa ba wanda ya damu, don yankan kankanar nan fako ne, ƙasa mai tauri da ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta fito. Masu noman Baba suna can ƙasa wajen dausayi, mai gona yana can arewa, fakon yana tsakani akuya tana ratsawa. Baba ya sami abin da yake so. In hoto ya ɗauke a tele sai ya ce wa baƙi, "Ku yi haƙuri, maƙwabcina ne, zan yi masa magana."

Maƙwabcin nasa bai daɗe yana sarauta ba. Parabol ta shigo gari, faifan nan mai kama hoto daga sama, kowa ya kafa a rufinsa ya juya wa Antan baya. Ƙashin kifin Yaya ya zama abin shanya kayan yara. Injin da ke gindin ginin ya yi ta tari har ya yi shiru, jar fitilar ta mutu ba wanda ya je ta'aziyya. Aka bar mai gadi shi kaɗai yana gadin abin da ko an ba ɓarawo kyauta ba zai iya ɗauka ba. Shi ma ya gane, ya koma kiwon awaki a cikin shingen, matarsa tana shanya kuɓewa a kan matakala. Jemagu suka gaji ciki, shamuwa ta riƙe baranda. Daga baya masu wayar hannu suka zo suka rataya masa wasu ganguna a wuya, aka ce ya sake samun aiki, kamar tsohon sarkin da aka ba riƙon jakar wani. Amfaninsa da ya fi tabbata shi ne kwatance. Ka ce wa mai klando, ɗan acaɓan nan namu, "Antan," ba ya sake tambaya.

Inna ta riga Baba tafiya. Baba ya rasu cikin sanyi, kuma cikin sanyin aka yi rabo. Ba a kai ni ba. Aka ce mace mai takaicin rashi me za ta je yi a daji. Yaya da Auta suka je da la'asar, suka ga inuwa ta miƙe can arewa, suka dawo suna cewa ashe gonar Baba ta fi yadda ake zato girma. Yaya ya ɗauki gidan Kabalaye, wai shi ne babba, zai riƙe zumunci. Auta ya ɗauki shago da dausayin da ake nomawa, wai shi ya yi karatu, zai iya juyawa. Ni aka ba ni fakon.

Yaya ya ce, "Ƙanwata, ke kika fi kowa morewa. Naki ya fi faɗi."

Na ce, "Me ake shukawa a ciki, Yaya?"

Ya ce, "Haƙuri."

Suka yi dariya, ni ma na taya su, don lokacin mijina yana da rai, ban san haya za ta zama gidana ba.

To Allah ba ya shawara da kowa. Gari ya yi ta rarrafe gabas har ya cim ma Antan. Ruwa kuma ya riƙa zuwa da yawa, shekara bayan shekara, ya cinye dausayi, ya shiga gidajen da aka gina a kwari har taga. Wuri ɗaya ne ya tsaya a bushe kamar bayan kunkuru: fakona. Ƙasar da aka ba ni don ba ta haihuwa, ita kowa ya koma yi wa kirari. 'Yata ta fari ta ce, "Umma, wannan karon mu ma za mu yi barci da damina." Mijinta ya kai yashi mota guda ya zube a wurin. Yashin nan ne ya tashi maganar. Kwana uku da zubewa, ɗan mai gonar ya je wurin Bulama, shi ma ɗan wancan Bulaman, ya ce an zuba yashi a gonar ubansa. Ya ce tun yana saurayi ubansa ya kai shi da ruwan farko ya nuna masa inda inuwa ta kwanta, kuma fakon duk yana arewa da ita.

Nan fa aka gane abin da kowace mai randa ta sani. Tambaya ta zama ɗaya: wane lokaci na shekara aka yi cinikin? In da sanyi ne, fako na Baba ne, wato nawa. In da farkon damina ne, Baba bai taɓa mallakarsa ba. Maza biyar ɗin duk suna ƙasa. Sai ɗan mai gona ya ce ya ji ubansa yana cewa akwai mata biyu a bayan mota ranar.

Yaya, wanda rabonsa da ƙofata tun sadakar mijina, sai ga shi da hantsi shi da Auta, da sukari da ganyen shayi da turmin atamfa. Na shimfiɗa musu tabarma, na ɗora shayi. Yaya ya dubi layin da ruwa ya bari a jikin bangona, ya girgiza kai kamar yau aka fara damina a duniya.

"Ƙanwata, a nan kike kwana? Wallahi ban sani ba."

"Ai Habbena da nisa, Yaya. Sai an yi biza."

Ya haɗiye wannan da shayi. Ya ce, "Kin tuna ranar da kuka je da Baba? Ai sanyi ake yi. Ni na tuna Inna ta fita da bargo."

"Da lema ta fita."

Auta, wanda ke kirana Adda, ya ajiye wayarsa ya gyara tabarau. "Adda, ki gane, abin nan lojik ne. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta riƙe abu shekara da shekaru. Kina zaton kin tuna ne kawai."

Na ce, "Ranar da aka kai ka makaranta ka yi fitsari a wando gaban malamin, ka ce masa tulu ne ya fashe. In faɗi kalar wandon?"

Bai sake kawo lojik ba.

Kada ku zaci sona ne ya kawo su. Sun je sun tambaya, an gaya musu in fakon ya tashi daga dukiyar Baba, to ni ban gaji komai ba ke nan, sai an warware rabo an sake. Gidan Kabalaye da shago suke wa gadi, ba ɗakina biyu ba.

Yaya ya matso ya rage murya. "Bulama zai sa ki dafa Alƙur'ani. Ki dafa, ki ce sanyi ne. In ma akwai wani abu a ciki, ai akwai kaffara. Ni zan ciyar da miskinai goman, ba sai kin yi azumi ba."

Na ce, "Yaya, ni ban yi karatu ba, amma ina jin tafsiri a rediyo. Rantsuwar da aka yi don a ci haƙƙin wani, an ce ba shinkafar da ke wanke ta. Ko kana da malamin da ya fi na rediyo?"

"Ke dai bakinki ya fi ki girma tun kina yarinya."

"Shi kuke nema yau."

Suka tafi suka bar atamfar. Da yamma 'yata ta zo, ita ta kawo mini shawarar da ta fi tasu haɗari, don tata tana da daɗin ji. Ta ce, "Umma, kada ki yi ƙarya, kada kuma ki faɗa. Ki ce kin tsufa, ba ki tuna ba. In ba shaida, Bulama raba fakon zai yi biyu. Rabi ya ishe mu ɗaki biyu har da makewayi." Ba zan ɓoye muku ba, da wannan maganar a bakina na shiga motar Auta ranar zaman. Na yi ta maimaita ta a hanya kamar mai tilawa: ban tuna ba, ban tuna ba.

'Yan'uwana da wayo, sun yi ta ɗaga zaman har sai da sanyi ya shigo, don kowa ya ga inuwar a inda suke so. Rabona da wurin tun ranar randa. Antan ya yi baƙi-baƙi, kashin jemage ya yi masa zane, sumuntin ya tsattsage ƙarfe yana leƙowa. Gidaje sun kewaye shi, wani ma ya jingina makewayinsa da shingen. Aka shimfiɗa tabarmi. Da aka yi la'asar, inuwar ta miƙe arewa ta rungume fakon duka zuwa ɓangarenmu, da yashin surukina a tsakiya. Auta ya yi ta ɗaukar ta hoto da waya yana zuba Faransanci, kamar inuwar za ta sa hannu a takarda.

Na dubi filin. Wallahi ya yi kyau. Har na ga inda zan sa ƙofa.

Bulama ya sa aka kawo Alƙur'ani a naɗe cikin farin ƙyalle, ya tambaye ni ko ina da alwala. Kafin in amsa, ɗan mai gona ya ɗaga hannu. Dattijo ne shi ma yanzu, furfura ta cika masa gemu, rigarsa duk faci. Ya ce da Larabci, "Bulama, a mayar da Littafin. Hajiya uwa ce. Ubana ya ce Alhaji bai taɓa tauye masa ko ƙwayar gero ba. 'Yarsa ta faɗa da baki kawai. Abin da ta ce, na karɓa."

Yaya ya sunkuyo kusa da kunnena, numfashinsa duk goro, yana ta murna. "Kin ji wawa? Ba ma rantsuwa. Faɗi sanyi mu tashi."

Wannan raɗar ce ta karya ni. Mutum ya miƙo wuyansa don ya yarda da gidanmu, babban gidan kuma yana kiransa wawa. Na buɗe baki in ce ban tuna ba, na ji ba za ta fito ba. Ta yaya ma? Muryar Baba tana kunnena, sau biyu, ta biyun ta fi ta farko ƙarfi.

Na ce, "Bulama, ranar shamuwa ta cika barandar can, sabbin zuwa, har sai da mahaifina ya maimaita maganarsa. Cida tana yi a gabas. Liman ya gajarta addu'a saboda hadari. Mahaifinka ya ce kudu naka, arewa nasa, kalas. Ruwa ya kama mu kafin mu shiga gari."

Ko yaro ya san shamuwa ba ta zuwa da sanyi. Wani tsoho a gefe ya ce, "Sahi," wato gaskiya ne, ko da yake ban san me ya sani a kai ba. Bulama ya ce to, za a jira ruwan farko a ja layi, a kafa ginshiƙin sumunti wannan karon, a bar inuwa ta huta.

Auta ya ce, "Adda, wannan ai sabotaj ne!"

Yaya ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Kin tozarta Baba a kabarinsa."

Na ce, "Baba abin da ya saya ya saya. Ku ne kuka raba abin da bai bari ba."

Suka shiga mota suka tafi suka bar ni a tabarma. Matar mai gadi ce ta ba ni ruwa, ta tsayar mini da klando. Ranar na fara hawa babur a rayuwata, da girmana, ina riƙe da rigar ɗan mutane ina salati har Habbena. Ɗan mai gona ya yi mini godiya har ƙasa, ya sa mini albarka da Larabci mai tsawo. Da ruwan farko aka ja layi, wata bai cika ba ya kewaye fakon da katanga ya yanka shi gida-gida. Ban ga laifinsa ba, nasa ne. Yashin ma ya aiko a zo a kwashe. 'Yata ta yi sati biyu ba ta gaishe ni da kyau ba, ita ma ban ga laifinta ba.

Na aika wa malamin unguwarmu da tambaya, ya ce abin a fili yake: an ba ni abin da ba na mamaci ba, don haka haƙƙina yana cikin gidan Kabalaye da shago da dausayi, sai an sake rabo. Na aika wa Yaya da wannan. Ya ce rabo ya riga ya bushe, kuma ni na kyautar da nawa da bakina gaban shaidu, wa ya aike ni? Auta ya ce shi ya sayar da dausayin tuntuni, shagon kuma yanzu sunan matarsa ne a takarda, in ina da ƙorafi in rubuto. Ya san sarai hannuna bai saba ba. To ga shi na kawo ƙorafin da baki, sai dai ba shi na kawo wa ba.

'Yata ta ce mu je gaban alƙali, surukina ya ce zai tsaya mini. Na san in na je zan samu, ko ba duka ba. Na kuma san ranar da takardar sammaci ta shiga gidan Kabalaye, ƙofar da aka haife ni a bayanta ta rufe ke nan. Yaya, da duk halinsa, shi ne zai ba da auren ƙaramar 'yata, shi ne kuma zai tsaya a kaina in an zo ɗauka ta. Su biyun nan su kaɗai suka rage a duniya da za mu zauna mu ce Inna ta ce, su gane wa ake nufi.

Shekaranjiya matar Yaya ta aiko mini da ankon bikin jikarsa, yadi shida, da saƙon wai in zo da wuri don ba mai iya guɗa kamar ni. Ga shi nan a kan akwati ban kai wa tela ba. Ku da kuka zauna kuka ji daga farko, ku gaya mini tsakaninku da Allah: in ɗinka ankon in je in rangaɗa musu guɗa, ko in ɗauki mayafina in nufi gidan alƙali?